Yadda Ake Farfaɗo da Ƙaramin Jirgin Ruwa Mai Tafiya da Iska da Aka Yasar, a Kuma Koyi Tuƙa Shi

Kusan duk kulob ɗin masu tuƙa jirgin ruwa mai tafiya da iska yana da wani lungu a bayan fili inda ake jibge jiragen da masu su suka daina zuwa. Wani an yi masa canjin wurin aiki, wani 'ya'yansa sun girma, wani kuɗin ajiya ne ya taru masa ya yi ɓatan dabo. Jirgin na nan kife a kan tsofaffin tayoyi, ciyawa ta rufe shi, rana ta cinye launinsa. Da yawa daga cikin irin waɗannan jirage lafiyarsu ƙalau a ciki, kuma su ne hanya mafi sauƙin kuɗi ta shiga wannan wasa.

Tun farko ka tsayar da niyyarka: za ka gyara jirgin ne domin ya shiga ruwa. Saboda haka aikin yana da jeri. Na farko kada ya nutse, na biyu kada wani abu ya karye kana tsakiyar ruwa, na uku ya tuƙu, kwalliya kuwa ita ce ta ƙarshe. Yawancin waɗanda suka gaji suka watsar da aikin, da fenti suka fara.

Wane irin jirgi za ka nema

Nemi wanda tsawonsa bai wuce mita huɗu da rabi ba, wanda mutum biyu za su iya ɗagawa, kuma samfurin da aka ƙera da yawa a duniya. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi sauran muhimmanci, domin samfurin da ya yaɗu ne ake samun kayan gyaransa da ma'auninsa a rubuce.

Biyu nake ba da shawara a kansu. Akwai Laser, wanda yanzu ake kira ILCA, ƙirar Bruce Kirby ɗan ƙasar Kanada, da ya shigo kasuwa a 1971. Na faiba ne, na mutum ɗaya, tsawonsa mita 4.23, nauyin gangar jikinsa wajen kilo 59, an ƙera sama da 200,000, kuma tun 1996 ake gasar Olamfik da shi. Sai Mirror, wanda Jack Holt da Barry Bucknell suka tsara a Ingila a 1962, jaridar Daily Mirror ta ɗauki nauyin yaɗa shi. Na katakon filawud ne, ƙyallensa na kama iska ja ne, tsawonsa wajen mita 3.3, kuma da ma an tsara shi ne domin mutum ya haɗa abinsa a gida. Idan kana da hannun kafinta, ko kana so ka riƙa fita da yaronka, Mirror ya fi dacewa. Idan kai kaɗai ne kuma ba ka tsoron jiƙewa, ɗauki Laser. Ga yara ƙanana akwai Optimist, wanda Clark Mills ya tsara a Amurka a 1947.

A Ingila da Amurka irin waɗannan tsofaffin jirage sun yi yawa har wasu kyauta ake bayarwa. A Najeriya sai ka nufi Legas, inda kulob ɗin Lagos Yacht Club yake tun 1932, da gidajen shaƙatawa na bakin teku. Ko ina ka samu, tabbatar da wane ne mai jirgin na gaskiya, a yi takardar ciniki da shaidu. Jirgin da ya shekara goma a ciyawa ma yana da mai shi, kuma yakan bayyana ne ranar da ka gama gyara.

Binciken da za ka yi kafin ka biya

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Araha ba ta ado, kuma jirgin kyauta mai ruɓaɓɓiyar ganga zai ci maka kuɗin da ya fi na sayen mai lafiya. Tafi da tocila, sukundireba, gorar ruwa da aboki guda.

Ku fara da ɗaga shi. Idan jirgin da aka ce kilo 59 ne ya gagare ku ɗauka cikin sauƙi, ya sha ruwa. Ku girgiza shi ku saurara ko ruwa na motsi a ciki, sannan ku buɗe toshiyar baya ku ga abin da zai fito. Ɗan ruwa kaɗan ba komai ba ne. Bokiti guda kuwa labari ne.

Sai ka bi gangar da ƙwanƙwasa, da ƙotar sukundireba, taƙi bayan taƙi, yadda mai sayen tukunyar ƙasa ke yi a kasuwa. Wuri mai lafiya yana ba da ƙara mai kaifi. Inda ka ji sautin ya mutu, faiba ta rabu da abin da ke ƙarƙashinta, ko katako ya ruɓe. Danna tafin hannunka da ƙarfi a inda matuƙi ke zama da inda yake takawa. Idan wurin ya lotsa ya dawo, ya yi laushi. Laushi kamar faɗin tafin hannu yana gyaruwa. Idan rabin saman jirgin ne ya yi haka, bar musu abinsu.

A jirgin Laser akwai wuri ɗaya da ya fi ko'ina ba da matsala, wato ramin da ake zura sandar tsaye, wadda ke ɗauke da ƙyallen iska, a ciki. Duk ƙarfin iska a nan yake sauka, ga yashi da ke taruwa a ƙasan ramin yana cin faiba a hankali. Cika ramin da ruwa har baki, ka koma wani binciken, ka dawo bayan kamar minti ashirin. Idan ruwan ya ragu, ƙasan ramin ya tsage. Ana gyara shi, amma sai an huda saman jirgi an shiga ta ciki, don haka a rage maka kuɗi.

A jirgin katako, soka bakin sukundireba a hankali a kusurwoyin da ruwan sama ke kwanciya: ƙasan bangon baya, gindin akwatin da allon ƙasa (allon da ake zurawa cikin ruwa domin hana jirgi zamewa gefe) ke shiga, da cikin ɗakunan iska da ke hana jirgi nutsewa. Katako mai lafiya ba ya karɓar ƙarfe. Ruwan sama ne ke ruɓar da jirgin katako fiye da ruwan gishiri, shi ya sa wanda aka ajiye a kife yakan tsira, wanda aka bari a buɗe ya zama kwatarniya.

Daga nan ka ƙirga kaya: sandar tsaye, sandar kwance da ke riƙe ƙasan ƙyalle, ƙyallen iska, allon ƙasa, allon tuƙi da sandarsa. Ganga ita ce mafi arha a cikin tsohon jirgi. Idan babu sanda babu ƙyalle babu alluna, sayen su ɗaya bayan ɗaya zai fi kuɗin cikakken jirgi.

Wanki, bushewa da neman yoyo

Da ka kawo shi gida, ɗauki hoton kowane ƙarfe da kowace igiya a inda suke kafin ka kwance komai. Zuba sukurorin kowane wuri a leda daban ka rubuta sunan wurin. Wanke jirgin da sabulu da buroshi, ciki da waje.

Sai bushewa, wadda ba ta son gaggawa. Danƙon gyara ba ya kama jiƙaƙƙen wuri. Buɗe duk wata toshiya, idan babu ƙofar dubawa ka yanka rami zagayayye a saman jirgin wanda daga baya za ka sa masa murfi mai zare, ka ajiye shi a inuwa inda iska ke ratsawa. Makonni yake ɗauka. Wanda ke Afirka ta Yamma ya yi sa'a a nan, domin iskar hunturu tana busar da ganga fiye da kowace na'ura. Tsara aikinka yadda bushewar za ta faɗo a wannan lokaci.

Domin gano inda yake yoyo, dama ruwan sabulu mai kumfa ka shafa a duk mahaɗa: inda sama ya haɗu da ganga, kewayen akwatin allon ƙasa, da gindin kowane ƙarfe. Abokinka ya hura iska ta ramin toshiya da baki ko da ƙaramin famfon keke, kai kuma kana duba inda kumfa ke tashi kana sa alama. Kada ka kuskura ka yi wannan da injin iskan masu faci. Ƙarfinsa zai iya raba saman jirgin da gangarsa nan take.

Gyaran ganga

Kayan aikinka su ne danƙon ifoksi mai ruwa biyu, ƙyallen faiba, sanfefa mai kaushi da mai laushi, asiton na goge maiƙo, safar hannu, tabarau da abin rufe hanci. Ƙurar faiba tana cutar da huhu, ifoksi kuma idan ya saba taɓa fata yakan jawo ƙaiƙayin da ba ya barin mutum. Kada ka yi wasa da wannan.

Idan tsaga ce ko huji a faiba, kada ka cusa danƙo a ciki ka shafe. Gurza kewayen wurin ya yi gangare mai faɗi, faɗinsa ya kai kaurin gangar sau goma sha biyu. Wato idan kaurin milimita uku ne, gangaren ya kai wajen santimita uku da rabi ta kowane gefe. Goge da asiton. Yanka ƙyallen faiba gida-gida, kowane ya ɗan fi na bayansa ƙanƙanta, ka jiƙa su da ifoksi kana ɗorawa ɗaya kan ɗaya, kana matse kumfar iska har ƙyallen ya zama garau babu fari a ciki. Idan ya daskare, wanke shi da ruwa domin cire maiƙon da yakan fito a samansa, sannan ka goge da sanfefa ya yi daidai da jikin jirgi.

Ifoksi yana da ɗabi'u uku da za ka kiyaye. Ma'aunin da aka rubuta a jikin gwangwani shi ne ma'auni, ƙara ruwan daskarwa ba ya sa shi saurin kamawa, lalata shi yake yi. Zafi kuma yana gaggauta shi ƙwarai, har idan ka dama da yawa a kofi mai zurfi zai yi zafi ya yi hayaƙi ya daskare kafin ka shafa rabi. Dama kaɗan-kaɗan a faranti mai faɗi, ka yi aikin da sassafe. Na uku, rana tana cin sa, don haka duk inda ka sa shi sai an rufe da fenti.

Abin da masu gyaran jikin mota ke cike lotsawa da shi bai dace da ƙasan jirgi ba. Yana shan ruwa ya ɓamɓare.

A jirgin katako, yanke ruɓaɓɓen wurin gaba ɗaya har ka kai katako mai ƙarfi, ka ƙara kaɗan. Abin da za ka mayar ya zama filawud na jirgin ruwa, mai lambar BS 1088, kauri ɗaya da na asali. Filawud na kujera da kabad zai ɓare cikin damina ɗaya. Fere bakin tsohon da na sabon su yi gangaren da ya kai kaurin sau takwas domin su hau juna, ko ka sa wani falle ta ciki ya riƙe su. Mahaɗar Mirror ɗinki ne na waya da aka rufe da tef ɗin faiba. Inda tef ɗin ya ɗago, ɓare shi, goge, ka sa sabo da ifoksi.

Duk ƙarfen da ka kwance, mayar da shi da danƙon hana yoyo a ƙarƙashinsa. Waɗanda ke ɗaukar nauyi, musamman maƙalan allon tuƙi, a ɗaure su da kusa mai noti da wani falle ta ciki, ba sukuru kawai ba.

Fenti fa? Idan faiba ce ta dushe kawai, goge ta da man sheƙi ya isa. Katako kuwa dole a rufe shi da fenti ko banish domin kariya. Yi shi ranar da babu ƙura babu laima.

Sanduna, wayoyi da ƙyalle

Kwantar da sandar tsaye ka leƙa ta daga wannan kai zuwa wancan, ka ga ko ta lanƙwashe. Inda ƙarfe marar tsatsa ya haɗu da alminiyam, duba ko akwai farin gari. Alamar ƙarfen biyu suna cin juna ke nan, kuma a nan sanda ke karyewa. Idan cin bai yi zurfi ba, cire ƙarfen, goge, ka sa man da ke raba su kafin ka mayar. Wayoyin da ke riƙe sanda, a jiragen da ke da su, bi su da tsumma. Idan tsumman ya maƙale, silin waya ya tsinke, sai a canza ta duka. Igiyoyi kuwa canza su kawai, ba su da tsada idan aka kwatanta da wahalar tsinkewarsu a ruwa.

Shimfiɗa ƙyallen a wuri mai tsabta. Rana takan fara cin zaren ɗinki kafin ƙyallen kansa, don haka karce ɗinkin da farce. Idan zaren ya tsinke, tela mai keken da ke ɗinkin zigizag zai bi maka shi da zaren roba mai ƙarfi. Idan ƙyallen kansa yana yagewa da ɗan ja, ya gama aiki. Tsohon ƙyalle da ya saki ba zai ci gasa ba, amma ya ishe ka koyo.

Kafin ka ɗaga sanda a ko'ina, ɗaga kanka ka duba wayar lantarki. Sandar alminiyam da ta taɓa waya tana kashe mutum, kuma an yi asarar rayuka ta haka a wuraren saukar da jirgi.

Ranar farko a ruwa

Kai jirgin ruwa marar zurfi, ka kifar da shi da gangan ta gefe, ka bar shi 'yan mintuna, ka juya ɗaya gefen. Fito da shi ka buɗe toshiya. Idan ɗakunan iska a bushe suke, aikinka ya yi.

Kada ka fara koyon tuƙi sai ka iya iyo, kuma rigar ceto tana jikinka a ɗaure kowane lokaci. Rigar da aka rubuta wa lamba 50 a jiki ta wanda ya iya iyo ce, a kusa da gaɓa. Nemi wanda ya iya ya fita da kai sau biyu ko uku, ko ya bi ka da jirgi mai inji. Abin da zai nuna maka a awa ɗaya, kai kaɗai sai ka yi wata kana lalube.

Zaɓi ranar da iska ke tsakanin kilomita 9 zuwa 18 a awa, wadda ke kaɗa ganye da ƙananan rassa amma ba ta sa ruwa yin farin kumfa ko'ina ba. Ta kasance tana busowa zuwa gaɓa ko tana bin gefenta. Iskar da ke fitowa daga tudu zuwa ruwa mayaudariya ce: a baki kamar babu ita, a ciki ta fi ƙarfi, kuma nesa take kai ka.

Kullum ka san ta ina iska ke zuwa. Ɗaura ɗan zare a waya ko a kan sanda, ka saba da jin ta a kunne da wuya. Zauna ta gefen da iska ke bugowa, ƙyalle na ɗaya gefen, hannun baya a sandar tuƙi, hannun gaba a igiyar ƙyalle. Sandar tuƙi a juye take aiki: ka tura ta hagu, goshin jirgi ya nufi dama. Igiyar kuwa kada ka ɗaure ta, riƙe ta a hannu, domin sakin ta shi ne birkinka. Duk lokacin da ka ji jirgi ya karkata fiye da yadda kake so, saki igiya.

Fara da tafiyar da iska ke bugun ka ta gefe, ita ce mafi sauƙi. Sa alama biyu ka riƙa kai da kawowa tsakaninsu. Daidaita ƙyalle haka: saki igiya har gaban ƙyallen ya fara kaɗawa, sannan ka ja kaɗan har ya daina. Sababbi kusan duka suna jan igiya fiye da kima, jirgi ya karkata ya ƙi gudu.

Jirgi ba ya tafiya kai tsaye cikin iska. Kusan digiri 45 ta kowane gefenta haramtacce ne gare shi, idan ka shiga ƙyalle zai yi ta kaɗawa ka tsaya cik. Domin zuwa inda iska ke fitowa sai a yi ta karkata hagu da dama, allon ƙasa a sauke duka domin shi ke hana jirgi zamewa gefe. Juyawar kuwa ga yadda take: ka sami gudu tukuna, duba bayanka, tura sandar tuƙi zuwa wajen ƙyalle, sunkuya sandar kwance ta wuce ta kanka, ka koma ɗaya gefen kana fuskantar gaba, ka miƙe tuƙi. Idan ka maƙale goshi na kallon iska, tura sandar kwance da sandar tuƙi gefe ɗaya, jirgi zai ja da baya ya juya, sai ka ja igiya ka tafi.

Juyawa da iska a bayanka ta fi haɗari, domin sandar kwance tana tsallakowa da ƙarfi lokaci guda. Bar ta sai ka ƙware a ta farko, kuma ka fara gwada ta a iska mai laushi.

Kifewa za ka yi, kowa yana yi, don haka koye ta da gangan a ranar farko. Idan jirgi ya kwanta, kada ka rabu da shi ko da gaɓa na kusa, shi ba ya nutsewa kuma an fi hango shi fiye da kan mutum. Tabbatar igiyar ƙyalle a sake take, zagaya ta baya zuwa allon ƙasa, kama bakinsa ka ɗora nauyinka. Jirgin zai taso a hankali, ka hau ta gefen iska ko ta baya. Ɗaure allon da igiya tun a tudu domin kada ya zame, kuma ɗaura jarka marar komai a kan sanda lokacin koyo, tana hana jirgi juyewa gaba ɗaya ko sanda ta cake a laka.

Dokar hanya a taƙaice: idan jiragen iska biyu suka haɗu, wanda iska ke bugowa ta hagunsa shi ke kaucewa. Idan ta gefe ɗaya take bugun su, wanda ya fi kusa da inda take fitowa ya kauce. Mai wuce wani shi ke ba da hanya. Manyan jirage a mashigar tashar ruwa kamar ta Legas ba sa iya tsayawa ko kaucewa, nisance su tun daga nesa.

Ruwan cikin ƙasa yana da nasa sharuɗɗa. Tafkin Kainji da na Volta ruwa ne da ya mamaye daji bayan gina madatsa, akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashi da za su fasa allon ƙasa. Akwai dorina a wasu sassan kogin Neja, akwai tsargiya a ruwan da ke kwance mai ciyawa, kuma kusa da bakin madatsa ba wurin zuwa ba ne. Masunta da Sarkawan wurin sun san duk wannan, ka gaishe su ka tambaye su kafin ka saukar da jirgi, ka kuma kiyaye tarunsu. Faɗa wa wani a tudu inda za ka da lokacin dawowarka. Fara tafiya ta inda iska ko igiyar ruwa ke fitowa, domin dawowa ta zo da sauƙi lokacin da ka gaji. Da damina, idan ka ga hadari ya haɗo ta gabas, juya zuwa gaɓa mafi kusa nan take, domin iskar da ke gabansa tana riga ruwan saman isowa, kuma ta fi ƙarfin ƙaramin jirgi.